Dutsen Niƙan Zuciya: Tarihin Bimbini Daga Hamadar Masar Zuwa Dawanau



Idan aka ambaci sunan garinmu a cikin birnin Kano, abu biyu ne ke faɗo wa mutum a rai. Na farko, kasuwar hatsi ta bakin hanyar Katsina, inda tireloli ke lodin masara da gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo, wasu su nufi Kudu, wasu su tsallaka Nijar da Chadi da Kamaru. Na biyu, asibitin masu taɓin hankali, wanda har ya shiga bakin masu ba'a: yaro ya yi wata wauta, sai a ce masa ya yi a hankali kada a kai shi Dawanau. Mu da muke zaune a nan mun san maganar ta wuce dariya. Tsakanin hayaniyar kasuwar da ƙofar asibitin akwai dubban mutane da ba su kwanta ciwo ba, amma zuciyarsu ba ta san hutu ba, kuma 'ya'yan ikilisiyarmu suna cikinsu.

Mun san su domin muna shiga gidajensu. Akwai ɗan dako da ke sauke buhu tun hantsi har magariba, ya koma gida da abin da bai kai kuɗin kwano biyu na masara ba. Akwai manomin da ya ci bashin taki, yana ɗaga kai sama kullum yana lissafin kwanakin da ruwa ya ɗauke. Akwai yarinyar da ta gama sakandare, kuɗin jarrabawa ya gagara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka haura, maganar da muka fi ji a bakin matasa ita ce, "Fasto, ba na iya barci." Wasu sun nemi sauƙi a ƙwaya da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a shekarar 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Wasu kuma wayarsu ce ƙwayarsu, suna latsawa har zakara ya yi cara.

A wani zama na Zumuntar Matasa an yi mana tambaya. Bidiyoyi sun cika waya ana koya wa mutane su zauna shiru, su rufe ido, su ja numfashi a hankali don damuwa ta ragu. Shin ya halatta ga mai bi? Ko al'adar mutanen Indiya ce da Turawa suka ara? Mun ga ya fi kyau mu amsa da tarihi, domin ikilisiya tana da nata tsohon gado a wannan fanni, kuma babban ɓangarensa a nan Afirka ya tsiro.

Kalmar da ake ji da kunne

Abin da muke kira bimbini a kan Maganar Allah yana da suna a harshen Ibrananci, wato haga. Ita ce kalmar da ke cikin Joshuwa 1:8, inda aka umarci sabon shugaban Isra'ila game da littafin Shari'a, ita ce kuma ke cikin Zabura ta 1. Abin lura shi ne annabi Ishaya ya yi amfani da wannan kalma ɗin ga gurnanin zaki a kan naman da ya kama (31:4), da kuma kukan kurciya (38:14). Ke nan bimbinin mutanen dā yana da murya. Mutum yana maimaita ayar ƙasa-ƙasa, leɓunansa suna motsi, kunnensa yana jin abin da bakinsa ke faɗa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa. Duk wanda ya wuce ta makarantar allo da asuba ya ji yadda ake karatu da murya har ya zauna a ka. Haka mutanen dā suke karatu kusan ko'ina. Agustin, bishop ɗin Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya ba da labarin yadda ya ga Bishop Ambros a birnin Milan yana karatu bakinsa a rufe, har abin ya tsaya masa a rai ya rubuta shi.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana mutane a cikin wannan hali. Ishaku ya fita saura da yamma shi kaɗai (Farawa 24:63). Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu daga Yezebel, ya zube a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Abin da Allah ya fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, sau biyu, kafin ya kai shi Horeb ya yi masa magana bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce (1 Sarakuna 19). Ubangijinmu kansa ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe don addu'a (Markus 1:35), kuma da ya ga taro ya hana almajiransa ko cin abinci, ya janye su gefe su huta (Markus 6:31). A duk waɗannan wurare mutanen da aiki da tsoro da jama'a suka matsa wa ne suka nemi shiru.

Masu saƙar tabarma a Masar

A ƙarni na uku da na huɗu wasu masu bi a Masar suka fara barin ƙauyukan bakin Kogin Nilu suna komawa hamada don su ba da kansu ga addu'a. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Antoni, ɗan manoma masu hali, wanda aka haifa wajen shekarar 251, ya rasu a 356. Bishop Atanasiyus na Iskandariya ya rubuta tarihin rayuwarsa, littafin ya yaɗu har Turai.

Kada mu ɗauka hamada ta ba su kwanciyar rai nan take. Cikin labaran da almajiransu suka adana akwai wanda ya nuna Antoni kansa cikin ƙunci, tunani ya dame shi, ya rasa yadda zai yi. Sai aka nuna masa wani mutum kamarsa yana zaune yana tufka igiya, ya miƙe ya yi addu'a, ya koma ya zauna ga igiyarsa, ya sāke miƙewa. Aka fahimtar da shi cewa hanyar ke nan. Aikin hannu da addu'a suna karɓa-karɓa, har yini ya ƙare.

Wani ɗan Masar ɗin, Fakomiyus, wanda aka taɓa kama shi aikin soja da ƙarfi, ya tara irin waɗannan mutane a wuri ɗaya a Tabennisi wajen shekarar 320. A ƙa'idar da ya kafa, wanda ya zo sabo ana ba shi zabura ashirin ko wasiƙu biyu na manzo Bulus ya haddace, wanda bai iya karatu ba kuma dole a koya masa. Sana'arsu saƙar tabarma da kwando da tufkar igiya da gashin burodi da noma. Suna aikin suna maimaita abin da suka haddace, haka ma in suna tafiya zuwa wurin sujada. Wanda ya taɓa ganin dattijo a inuwar darbejiya yana saƙa da kaba, ya riga ya ga hoton waɗannan mutane.

Ɗaya daga cikinsu, Ebagiriyus, wanda ya rasu a 399, ya zauna ya lissafa irin tunane-tunane takwas da ke addabar zuciya, kamar kwaɗayi da fushi da baƙin ciki da girman kai. Akwai ɗaya da ya danganta da tsakar rana. Ya ce idan ya sauko wa mutum, sai ya ga kamar rana ta ƙi motsi, ya riƙa leƙa taga ko wani zai zo, ya tsani wurin da yake da aikin da yake yi, ya riƙa raya cewa da yana wani gari da komai ya daidaita. An rubuta wannan fiye da shekara 1,600 da suka wuce, amma duk saurayin da ya zauna a bakin rumfa da azahar ba ciniki, yana duba waya yana mafarkin Libiya ko Abuja, ya san wannan baƙo.

Mai injin ne ke zaɓen hatsi

Wanda ya kwashi wannan ilimi ya kai Turai shi ne Yohanna Kasiyan. Ya yi shekaru a Masar yana zama a gaban dattawan hamada yana yi musu tambayoyi, daga baya ya kafa gidajen addu'a a Marsai ta ƙasar Faransa wajen shekarar 415, ya rubuta hirarrakin da ya yi da su.

A cikin hira ta farko an kawo kukan da mu ma muke yi: me ya sa tunani ba ya tsayawa wuri ɗaya, ko mutum ya so? Dattijon ya amsa da misalin dutsen niƙa irin wanda ruwa ke juyawa. Muddin ruwa na gudu, dutsen ba zai daina juyawa ba, kuma ba wanda ya isa ya tsayar da shi. Abin da ke hannun mai niƙa shi ne zaɓen abin da zai zuba, ko alkama, ko sha'ir, ko ƙwayar ciyawa mai cutarwa. Abin da ya zuba shi zai fito gari.

Mutumin Dawanau ba ya bukatar a fassara masa wannan. Kowa ya san in aka niƙa barkono a inji, mai kawo gero bayansa sai ya sha yaji a kununsa. Zuciyarmu tana juyawa dare da rana. In abin da muka zuba mata kafin barci shi ne lissafin bashi da hotunan kashe-kashe da gardamar Facebook, shi za ta kwana tana niƙawa. Damuwa ita ma bimbini ce, domin mai damuwa yana ɗaukar magana ɗaya yana juya ta sau ɗari. Ashe duk wanda ya iya damuwa ya riga ya iya bimbini, abin da ya rage masa shi ne ya canja hatsin.

A hira ta goma wani dattijo mai suna Ishaku ya ba su hanya mai sauƙi. Ya ce su riƙe aya ɗaya tak, ayar farko ta Zabura 70, wadda kuka ce ta neman taimakon Allah da gaggawa, su riƙa maimaita ta a wurin aiki, a hanya, lokacin cin abinci, har barci ya ɗauke su a kanta. Dalilinsa shi ne zuciyar da ke tsalle daga wannan aya zuwa waccan ba ta cin moriyar ko ɗaya.

Daga gidajen addu'a zuwa shagon aski

Wajen shekarar 530 Benedik na ƙasar Italiya ya rubuta ƙa'idar da ta raba yini tsakanin sujada da aikin hannu da karatun Littafi a natse. Marubutan zamanin da ya biyo baya suna kwatanta wannan karatu da tuƙar saniya. Makiyayi ya san saniya ba ta ƙiba da yawan ciyawar da ta yaga da rana, sai ta kwanta da yamma ta dawo da ita ta tauna a hankali. A ƙarni na 12 wani shugaban gidan addu'a a Faransa mai suna Gigo ya tsara abin hawa huɗu: karatu, bimbini, addu'a, sa'an nan hutawa a gaban Allah. Ya kwatanta su da sa abinci a baki, da taunawa, da jin ɗanɗanonsa, da daɗin da ke biyo baya.

Wani zai ce ai wannan na 'yan Katolika ne. Tarihi bai goyi bayansa ba. A shekarar 1535 wanzamin Martin Luta, wani mai suna Bitrus, ya tambaye shi yadda zai yi addu'a hankalinsa bai watse ba. Luta ya rubuta masa ɗan littafi. Ya ce ya ɗauki magana ɗaya daga Dokoki Goma ko Addu'ar Ubangiji, ya murɗa ta igiya huɗu: me take koya mini, me zan gode a kai, wane laifi zan furta, me zan roƙa. Har ya ba shi misali da sana'arsa, cewa wanzamin da ke aski yana hira yana kallon wani wuri zai yanke mutum. A birnin Faris kuma akwai Ɗan'uwa Lorens, tsohon soja, wanda ya rasu a 1691. Ya yi shekaru yana aikin girki a gidan addu'arsu, aikin da ba ya so, a nan ya koyi zama da sanin cewa Allah yana tare da shi tsakanin tukwane da hayaƙi.

A shekarun 1880 ɗaliban jami'ar Kambirij a Ingila suka ɗauki al'adar keɓe farkon safiya don karatun Littafi da addu'a. Daga irin waɗannan da'irori ne masu bishara da yawa suka fito, suka zo mana da al'adar.

Yadda ya iso ƙasar Hausa

Bimbini a kan Maganar Allah yana bukatar Maganar ta kasance cikin harshen da zuciya ke ji. Wani Bajamushe mai suna Schön ya fitar da Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Ya sami taimakon Dorugu, yaron Bahaushe da aka 'yanta daga bauta wanda ya bi matafiyin nan Barth zuwa Turai. Amma littattafan ba su iso hannun mutanen karkara irin tamu ba sai bayan shekaru masu yawa.

A nan Kano, a tsakiyar ƙarni na 19, an yi wani malami mai suna Ibrahim wanda nazarinsa ya kai shi ga girmama Isa Almasihu ƙwarai, har aka kira mabiyansa Isawa. An kashe shi a Kano a shekarun 1860, mabiyansa suka watsu, wasu suka nufi wajen Ningi. Ba su da Linjila a hannu, sai ɗan abin da suka riƙe a ka suna gadar wa 'ya'yansu. A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu bai ba su izinin zama ba. Miller ya zauna a Zariya daga baya, a 1913 kuma wasu daga zuriyar Isawa suka same shi a can. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, cutar barci ta yi musu mummunar ɓarna, kuma a 1929 aikin ya koma Wusasa. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932.

Mu tsaya a kan wannan shekara. Ba ta kai shekara ɗari ba. Iyayenmu da kakanninmu da suka fito daga gidajen Maguzawa suka bi Almasihu, da yawansu ba su iya karatu ba sa'ad da suka ba da gaskiya. Littafi ɗaya ne a ƙauye, a hannun mai bishara. Ya karanta aya, jama'a su maimaita, har ta zauna. Mace ta tafi da ita bakin turmi, namiji ya tafi da ita gona, ya yi kunya-kunya yana juya ta. Ba su san sunan Fakomiyus ba, amma aikinsa suke yi. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa, nan kusa da mu, ta horar da masu bishara irin waɗannan, waɗanda suka zauna a ƙauyuka suna noma suna koyarwa.

Daga baya al'adar ta sami tsari. Mishan ɗin SIM, wadda ta fara a 1893, ta haifi ECWA a 1954. A 1957 aka kafa ƙungiyar ɗalibai masu bi ta FCS a Gindiri, wadda ta koya wa 'yan makaranta a faɗin Arewa su keɓe lokaci kowace safiya. A shekarun 1960 aikin Sabon Rai Don Kowa ya cika gidaje da ƙananan ƙungiyoyin addu'a. Littafin Abincin Yini ya shiga gidaje masu yawa, kuma sunansa kaɗai yana tuna mana da misalin Gigo. Maƙwabtanmu Musulmi su ma sun san darajar natsuwa, muna ganin 'yan Ƙadiriyya da Tijjaniyya suna zama da carbi bayan asuba da la'asar ba sa fashi. Bangaskiyarmu dabam ce, amma naciyarsu abar lura ce ga wanda ke cewa ba shi da minti goma.

Abin da ya same mu a yau shi ne yawa. Littafi Mai Tsarki yana cikin wayar kowa, wa'azi yana zuwa ta WhatsApp safe da yamma, lasifika tana ƙara a kowace majami'a. Muna yagar ciyawa fiye da kakanninmu nesa ba kusa ba, amma mun daina kwanciya mu yi tuƙa.

Abin da likitoci suka gano

Idan mutum ya tsorata, jikinsa yana sakin wasu sinadarai da ke sa zuciya ta buga da sauri, numfashi ya gajarta, jijiyoyi su ɗaure. Allah ya yi mu haka don mu tsere wa haɗari. Matsalar ita ce bashi da rashin aiki ba sa wucewa kamar yadda maciji ke wucewa, sai jiki ya zauna a ɗaure wata da watanni, barci ya ƙaurace, kai ya yi ta ciwo.

A shekarar 1975 wani likitan zuciya a Jami'ar Harvard ta Amurka, Herbert Benson, ya wallafa abin da ya gano: idan mutum ya zauna a natse yana maimaita kalma ko gajeriyar addu'a, yana kuma komowa gare ta a hankali duk sa'ad da tunani ya ja shi, bugun zuciya da numfashi suna lafawa. Ya ba da shawarar minti goma zuwa ashirin, sau ɗaya ko biyu a yini. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara wani shiri na mako takwas a Jami'ar Massachusetts don rage damuwa, wanda ya samo tushensa daga koyarwar addinin Buda. Yawancin bidiyoyin da kuke gani daga wannan reshe suka fito.

To ga amsar tambayarku. Zama shiru da jan numfashi a hankali ba mallakar wani addini ba ne, huhun da Allah ya ba mu ne. Abin da mai bi zai tambaya shi ne: me ake so in zuba a injin, kuma wa nake fuskanta? In an ce ka kira sunan wani abin bauta, ko ka maimaita kalmar da ba ka san ma'anarta ba, ka bar shi. Namu bimbinin yana da abin taunawa, wato Maganar Allah, yana kuma da wanda ake zama a gabansa, Uban da ya san bukatunmu. Natsuwar jiki riba ce da ke biyo baya, muna karɓarta da godiya.

Yadda za mu fara

Ku zaɓi lokaci ɗaya ku riƙe shi, ko da asuba kafin a fita, ko da dare bayan an ci tuwo. Wanda ɗakinsu ya cika da mutane ya nemi gindin bishiya, ko bayan rumbu, ko ya shigo majami'a. A kashe waya, in kuma a cikinta ake karatu a rufe data. A ɗauki aya ɗaya ko biyu, kamar daga Zabura 23, ko 121, ko 131, ko Matiyu 6, ko Filibiyawa 4. A karanta da murya ƙasa-ƙasa sau uku ko huɗu, numfashi yana tafiya a hankali. Kalmar da ta tsaya a rai, a tsaya a kanta, a yi mata tambayoyin nan huɗu na Luta. Tunanin bashi zai zo, tunanin wadda ta ƙi amsa saƙo zai zo. Kada a yi kokawa da shi, kada kuma a ce an kāsa. A miƙa shi ga Ubangiji da sunansa, a komo ga ayar. A ƙarshe a yi shiru na ɗan lokaci. Sa'an nan a tafi da ayar kasuwa ko gona ko makaranta, a riƙa dawo da ita tsakanin buhu da buhu. Sannu ba ta hana zuwa, kuma wanda ya yi fashin kwana biyu ya ci gaba a na uku.

Sai mu faɗi iyakar abin, don kada a ce Fasto ya ce. Bimbini ba ya biyan bashi, ba ya sauke farashin taki. Wanda ya natsu yakan ga hanyar da mai firgita ba ya gani, amma yunwar ɗan'uwa nauyi ne a kan ikilisiya, kuma Allah ya ciyar da Iliya kafin ya yi masa wa'azi. Haka kuma akwai damuwar da ta zama ciwo. In mutum ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, ya daina jin daɗin komai, ko yana jin muryoyi, ko ƙwaya ta kama shi, ko yana tunanin kashe kansa, wannan yana bukatar likita, kuma a gaggauta. Tun 1954 Likita Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa masu wannan ciwo sun fi samun sauƙi idan danginsu suna kusa da su. A farkon 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Asibitin da ke garinmu alheri ne, kuma raka ɗan'uwa can aikin ƙauna ne kamar raka shi wurin likitan ido. Kada bakin ɗan Zumunta ya ƙara yin ba'a da sunan Dawanau.

Ga abin da muke roƙonku a wannan mako. Kowa ya zaɓi ayarsa, ya gaya wa aboki ɗaya, ku riƙa tambayar juna. Ranar Lahadi bayan sujada za mu zauna minti goma tare, ba ganga, ba lasifika, sa'an nan wanda ya so ya faɗi abin da ya tauna. Wanda nauyinsa ya fi ƙarfinsa kuma, ƙofar gidan Fasto da ta dattawa a buɗe take, kada ya jira Lahadi.

Ubangiji wanda ya kwantar da hadari a teku ya kwantar da zukatanmu, ya ba mu barci mai daɗi, ya koya mana zama a gabansa. Amin.